Nazarin lamari: yadda su ya lalace a wani ƙaramin tafki na cikin tuddai, da abin da ya dawo da shi

Tafkin kafin matsala

Tafkin yana kwance a cikin kwari, tuddai sun kewaye shi ta fuska uku. Ba a ambaci sunansa a nan ba, kuma ma'aunan da aka ba shi na misali ne, irin waɗanda ake samu a tafki mai wannan girma. Faɗinsa kusan hekta 40 ne. Wuri mafi zurfi ya kai mita 9, amma fiye da rabin tafkin bai wuce mita 3 ba. Ƙoramu biyu ke shayar da shi, babba daga arewa, ƙarama daga gabas. Mafitarsa ɗaya ce, ita ma ba ta gudu sai tafkin ya cika ya batse. Saboda haka duk abin da ya shigo yakan daɗe kafin ya fita, wani ma ba ya fita.

Tafkin da ke kan ƙasa mai duwatsu ruwansa garai yake, domin dutse ba ya sakin taki da yawa. Ruwa mai ƙarancin taki ba ya ɗaukar kifi mai yawa, sai dai wanda ke ciki yakan girma sosai. Haka wannan yake. Akwai karfasa, akwai tarwaɗa, akwai kuma kifaye masu farautar ƙanana waɗanda ke rage yawan 'ya'yan karfasa. Bakin ruwa cike yake da bado da ciyayin ruwa, nan ƙananan kifi ke ɓuya. Namijin karfasa yana haƙa gurbinsa a kan yashin wurare marasa zurfi, macen kuma ta ɗauki ƙwan a bakinta har ya ƙyanƙyashe.

Masunta 'yan ƙalilan ne, suna aiki da kalli mai manyan idanu, da birgi, da fatsa. An fara ƙirga shekarun da ke cikin wannan nazari daga shekarar da aka fara sare itatuwan gangaren arewa.

Shekara ta 1 zuwa ta 3: gangare ya zama gona

An sare dajin da ke kan gangaren arewa aka mai da shi gonaki, aka kuma yanka hanyar mota ta gefen tudu. Yawancin kunyoyin an ja su ne daga sama zuwa ƙasa, domin hakan ya fi sauƙin huɗa a kan gangare. Kowace kunya sai ta zama magudanar ruwa. Dabbobi kuma suka ƙaru, mashayarsu ta zama daidai inda babbar ƙorama ke shiga tafkin.

Tun daminar farko ƙoramar arewa ta fara sauko da jan ruwa. Bayan kowane ruwan sama tafkin yakan gurɓace na 'yan kwanaki, sannan ya kwanta. Babu wanda ya damu, domin a waɗannan shekarun kamu ƙaruwa ya yi. Takin zamani da kashin dabbobin da ruwa ya wanko sun ciyar da ƙananan tsirrai masu yawo a cikin ruwa, su kuma suka ciyar da karfasa. Labari ya bazu cewa tafkin yana ba da kifi, masunta suka ninku. Waɗanda suka zo daga baya sun zo da taru, suna jan sa a bakin ruwa, daidai kan guraben ƙwai.

A shekara ta 3 wani mai kyakkyawar niyya ya zuba kifin kaf a tafkin, wato kifin nan ɗan asalin Turai da Asiya da ake kiwo a ƙasashe da dama saboda saurin girmansa. Kaf yana neman abinci ne ta hanyar tonon laka da bakinsa. Babbar mace guda tana iya zuba ƙwai dubbai ɗaruruwa a lokaci ɗaya.

Shekara ta 4: kifi ya yi yawa, nauyi ya ragu

Manyan kifaye masu farauta su suka fara ƙarewa, domin su ne kowa ke nema kuma su ne ba sa hayayyafa da sauri. Da suka ragu, 'ya'yan karfasa suka rayu fiye da yadda abincin tafkin zai iya ɗauka. Karfasa tana da wata ɗabi'a: idan wuri ya cushe takan balaga tana ƙarama ta fara zuba ƙwai, girmanta ya tsaya. Sai ga koma tana fitowa cike da kifi wanda bai kai tafin hannu ba.

Masunta suka bi kifin da ƙaramin ido. Wanda ke da kalli mai inci 3 ya koma inci 2, wasu suka ɗinka gidan sauro a cikin taru. Ruwan kuma ya daina kwanciya ko da rani. Da zafi ya tsananta sai ya koma kore, gansakuka ta taru a gefen da iska ke turawa, tana wari. Irin wannan koren yawanci ƙwayoyin halitta ne da masana ke kira sayanobakteriya, wasunsu suna fitar da guba mai cutar da hanta. Tun 1878 aka rubuta mutuwar dabbobi bayan shan irin wannan ruwa a tafkin Alexandrina na Ostireliya. Makiyaya a nan ma sun fara kauce wa gefen da koren ya taru.

Shekara ta 5: safiyar da kifi ya taso

Bayan makonni na zafi babu iska, sai aka yi ruwa mai sanyi da guguwa cikin dare. Da gari ya waye kifi yana saman ruwa yana haki, zuwa hantsi bakin tafkin ya yi fari da matattun kifaye. Manyan karfasa da ragowar masu farauta su suka fi mutuwa. Tarwaɗa ta tsira, domin tana iya shaƙar iska daga sama. Kaf ma yawancinsa ya tsira.

Zargin farko shi ne an zuba guba. An yi ta nuna wa juna yatsa tsakanin tsofaffin masunta da baƙi.

Abin da ya faru a cikin ruwan shi ne wannan. Lokacin zafi rana tana ɗumama saman tafki, ruwan ɗumi kuma bai kai na sanyi nauyi ba, sai ya zauna a sama, mai sanyi ya kwanta a ƙasa, ba sa gauraya. Tafkin cikin kwari ya fi saurin rabuwa haka domin tuddai suna tare masa iska. Gansakukar da ta mutu tana nutsewa ƙasa ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar oksijin da ke can, babu kuma hanyar da sabuwa za ta sauka. Da ruwan sama mai sanyi ya sauka tare da guguwa, sai sama da ƙasa suka haɗu a cikin 'yan sa'o'i, ruwan ƙasa marar iska ya gauraye da na sama.

Tun asali ruwa ba ya riƙe iska da yawa. A zafin digiri 20 lita guda tana ɗaukar kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kusan 7.5. Hawa tudu ma yana ragewa: a tsayin mita 1,000 ruwa yana riƙe ƙasa da abin da zai riƙe a bakin teku da kusan kashi 11 cikin 100. Yawancin kifaye suna son miligiram 5 zuwa sama, idan ta sauka ƙasa da 2 da yawansu sukan mutu. A koren ruwa kuwa iska ta fi ƙaranci da asuba, domin tsirran da suka samar da ita da rana su ma shaƙarta suke yi da dare.

Shekara ta 5 zuwa ta 6: abubuwan da aka gwada

Abu na farko da hukumar da ke kula da tafkin ta yi shi ne zuba sababbin 'ya'yan karfasa daga gidan ƙyanƙyasa. An yi haka sau biyu. Yawan kifi a koma bai ragu ba, girmansa kuma bai ƙaru ba. 'Ya'yan da aka zuba sun shiga rububin abinci da waɗanda suka tarar, wasu kuma suka ƙare a taru kafin su yi wata guda.

Na biyu, an watsa kwafa salfet, shuɗin garin nan mai kashe gansakuka. Cikin kwanaki ruwa ya washe, mutane suka yi murna. Gansakukar da ta mutu gaba ɗaya ta nutse ta ruɓe, aka sake samun mutuwar kifi, ko da yake ba ta kai ta farko ba. Kafin wata biyu kore ya dawo. Sinadarin ya fi cutar da kifi a ruwa mai ƙarancin farar ƙasa, irin na tafkunan kan dutse, kuma tagullar da ke cikinsa ba ta ɓacewa, taruwa take a laka.

Na uku, an kafa injin mai feso ruwa sama a kusa da mashigar jirage. Ya taimaka a 'yan mitocin da ke kewaye da shi, kifi yana taruwa nan da asuba, masu birgi kuma suna jiransa. Bai taɓa ruwan ƙasa ba. Da ya lalace ba a gyara ba.

Na huɗu, an hana kamun kifi gaba ɗaya na shekara guda. Umarnin daga ofis ya fito, ba a zauna da masunta ba, ba a kuma tanadar musu abin yi ba. Su ya koma dare. Da yake a duhu ba a tsayawa zaɓe, taru ya fi kowane kaya aiki a wannan shekarar.

Shekara ta 7: awo

A wannan shekara aka ɗauko wani masanin ruwa, ya nemi a ba shi shekara guda yana awo kafin ya ba da shawara. Masunta ne suka riƙa tuƙa shi, daga baya su suka riƙa yin awon da kansu.

Kayan aikinsa na farko faifan Secchi ne, faifai mai faɗin santimita 20 da aka shafa wa fari da baƙi, ana saukar da shi da igiya har ya ɓace wa ido, sai a auna igiyar. Sunan wani malamin taurari ɗan Italiya ne, Angelo Secchi, wanda ya fara amfani da irinsa a 1865. Tsofaffin masunta sun ce a da ana hango ƙasa a zurfin mita 3. Yanzu faifan yana ɓacewa a santimita 40. Na'urar awon iska ta nuna cewa lokacin zafi babu oksijin ƙasa da mita 4.

An ɗebi ruwan ƙoramun biyu a ranakun da babu ruwan sama da kuma lokacin da ake tsaka da shi. A ranakun rani bambancinsu kaɗan ne. Ana fara ruwa sai ta arewa ta ɗauko laka da fosfaras, wato sinadarin taki mai ciyar da gansakuka, ninkin-ba-ninkin na ta gabas, wadda gangarenta har yanzu daji ne. Fosfaras yana manne wa ƙwayoyin ƙasa, don haka yawancin abin da ke shiga tafkin a shekara yana shigowa ne a cikin 'yan manyan ruwan sama.

Dalilin mai da hankali ga fosfaras sananne ne. A 1973 David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani ƙaramin tafki a arewa maso yammacin Ontariyo ta Kanada gida biyu da labulen roba. Sun zuba naitirojin da kabon a ɓangarorin biyu, suka ƙara fosfaras a ɗaya kawai. Wanda aka ƙara wa fosfaras shi ya koma kore shar, ɗayan bai canza sosai ba.

Awon ya nuna wani abu kuma: fosfaras yana ƙaruwa a ruwan ƙasa ko a watannin da ƙoramu suka kusa ƙafewa. Daga laka yake fitowa. Clifford Mortimer ya bayyana wannan a 1941 da 1942 daga aikinsa a Esthwaite Water, wani ƙaramin tafki a yankin tuddai na arewacin Ingila. Muddin akwai iska a saman laka, sinadarin ƙarfen da ke cikinta yana riƙe fosfaras. Idan iska ta ƙare sai ƙarfen ya sake shi. Wato takin da ya sauko a shekarun baya yana kwance a ƙasa, yana ciyar da gansakukar bana.

An ƙiyasta yawan kaf ta hanyar kama wasu, a yi musu alama a fiffike, a sake su, bayan 'yan kwanaki a sake kamu a duba kashi nawa ke da alamar. Ƙiyasin ya haura kilogiram 100 a kowace hekta nesa ba kusa ba. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa daga wannan iyaka kaf yakan fara tumɓuke ciyayin ruwa yana dagula laka. Bado kuwa a lokacin saura ɗan kaɗan a lungun gabas.

Shekara ta 8 zuwa ta 10: aiki a kan tudu da a cikin ruwa

An kafa kwamiti guda wanda ya haɗa masunta, manoman gangare da makiyaya. Zaman farko bai yi daɗi ba. Manoma sun ce ba su ne ke cin kifin ba, don me za su bar gefen gonarsu. Abin da ya ja hankalinsu shi ne ganin cewa jan ruwan nan ƙasarsu ce da takin da suka saya ke tafiya.

Aka juya kunyoyi suka bi gicciyen gangare, aka dasa layukan ciyawar jema a tsakaninsu, wadda saiwarta ke nutsewa can ƙasa ta riƙe turɓaya. Aka toshe kwazazzabai da jeren duwatsu. Aka bar fili mai faɗin mita 15 a kowane gefen ƙorama ba a nomawa. Aka gina kwamin shayar da dabbobi nesa da bakin ruwa. A mashigar ƙoramar arewa aka haƙa ɗan kududdufi domin laka ta kwanta a ciki kafin ruwa ya wuce, ana yashe shi kowane rani. A shekarar da ba a yashe ba ya cika, ruwa ya bi ta kansa kamar babu shi.

A cikin tafkin, masunta da kansu suka tsara doka. An hana taru da gidan sauro. Idon kalli kada ya gaza inci 3, wato milimita 76. An keɓe lungun gabas, inda ragowar ciyayi suke, babu kamun kifi a cikinsa ko da yaushe. An rufe bakin ruwa a watannin da karfasa ta fi zuba ƙwai, amma aka bar tsakiyar tafki a buɗe. Duk kifi mai farauta da ya shiga koma da ransa, a mai da shi. An kuma kawo ƙarin irinsa daga wani tafki da ke cikin kwarin guda.

Kaf kuwa an buɗe kamunsa babu iyaka. Yana taruwa a wurare marasa zurfi lokacin zuba ƙwai, kuma yana sabawa da wurin da ake zuba masa hatsi, don haka aka riƙa tara shi ana kewayewa da babbar raga. Wannan ya riƙe gidaje da dama a shekarun da dokar ido ta rage kamun karfasa, kuma raguwar ba ƙarama ba ce: shekara biyu na farko kamun karfasa ya faɗi ƙasa da na lokacin matsala.

An tattauna zuba alam domin ya ɗaure fosfaras a laka, aka fasa. Alam yana ƙara wa ruwa tsami, a ruwa mai ƙarancin farar ƙasa kuma tsamin yana iya kaiwa inda sinadarin da ke cikinsa zai zama guba ga kifi. Ga shi kuma ƙorama ba ta gama washewa ba, sabuwar laka za ta binne shi.

Shekara ta 11 zuwa ta 14: sakamako

Ƙoramar arewa ce ta fara canzawa, jan ruwanta ya ragu tun damina ta biyu bayan dasa jema. Tafkin bai bi ta nan take ba. Har shekara ta 11 kore yana dawowa kowane lokacin zafi, wasu manoma suka fara cewa an sa su wahalar banza, biyu daga ciki suka sake nome gefen ƙorama. Masanin ya nuna wa kwamiti wani nazari da aka buga a 2005 a kan tafkuna 35 da aka rage wa shigar taki, wanda ya gano cewa yawanci sai bayan shekara 10 zuwa 15 fosfaras ɗin ruwa yake daidaita, saboda abin da laka ke ci gaba da saki.

Girman kifi ya riga hasken ruwa dawowa. Daga shekara ta 10 karfasa mai cika idon inci 3 ta fara yawaita. A shekara ta 12 bado ya fito daga lungun gabas ya bi gefen kudu. A shekara ta 14 faifan Secchi yana kaiwa mita ɗaya da rabi a yawancin watanni. Ruwan ƙasa har yanzu yana rasa iska lokacin zafi, amma daga mita 6 zuwa ƙasa, kuma na ɗan lokaci. An sami juyewar ruwa sau biyu bayan guguwa, kifi ya taso yana haki, mutuwar ba ta da yawa. Kaf bai ƙare ba. Nauyin kamun shekara ya wuce na kafin sare daji, bai kai na shekarun farko na shigar taki ba.

Hukunci

Matakai huɗun farko duk sun ɗauka cewa abin da ido ke gani shi ne cutar. An ga kamu ya lalace aka zuba kifi, alhali tafkin cunkoso ke damunsa. An ga kore aka kashe shi, aka bar abin da ke ciyar da shi yana saukowa daga tudu yana kuma tasowa daga laka. Injin feshi bai yi laifi ba, girmansa ne bai kai ba. Hana su gaba ɗaya kuwa, a ganina, shi ne mafi muni a cikinsu, domin ya mai da mutanen da suka fi kowa sanin tafkin ɓarayin dare, kuma sai da aka ɓata lokaci kafin su yarda su zauna da hukuma.

Ba za a iya ware mataki guda a ce shi ya yi aiki ba, tun da an yi su tare. Amma jerin yadda abubuwa suka dawo yana nuna rabon kowanne. Girman karfasa ya biyo bayan dokar ido da dawowar masu farauta, shi ya sa ya zo da wuri. Ciyayi sun biyo bayan rage kaf. Hasken ruwa da iskar ƙasa sun dogara ga aikin gangare, su ne suka fi jinkiri, su ne kuma ba su kammala ba. Da an tsaya a kan dokar kamun kifi kaɗai, da an tara manyan kifaye ne domin guguwa ta gaba ta kashe.

Shekarar awo ita ce ta fi kowace shekara arha, kuma da an yi ta a shekara ta 4, lokacin da kifi ya fara ƙanƙancewa, da ba a zuba kwafa salfet ba, da laka ba ta tara takin ƙarin shekaru uku ba. Abin da ya ɓoye matsalar tun farko shi ne ƙaruwar kamu a shekarun nan uku, domin babu mai neman magani alhali komarsa tana cika.

Raunin da ya rage yana wajen manoman gangare. Su ke ɗauke da aikin da ya fi nauyi, yashe kududdufi da barin mita 15 na ƙasa mai kyau, amfanin tafkin kuma wasu ke ci. Kwamitin bai samo hanyar da masunta za su ɗauki wani kaso na wannan nauyi ba, kuma an riga an fara sare itatuwa a gangaren gabas.